Hoto ɗaya kullum a Kano: shekarar da ba a yi hawa ba, me zan ajiye?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana, a yi mini haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Ranar 1 ga Janairu 2025 na ɗaukar wa kaina alkawari: kullum zan ɗauki hoto ɗaya a cikin garin Kano, in rubuta kwanan wata da sunan unguwa a ƙasansa, har shekara ta ƙare. Hoto 365 ke nan. Yau kwana 260, kuma kwana huɗu kawai na rasa, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Da waya nake ɗauka, Redmi ce, ba ni da babbar kyamara.

Da na fara, hawan sallah nake hari. A watan Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, sai na ce to bana zan kafa ƙafa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, in samo jahi ɗin da zan rataye a ɗaki. Sai aka hana hawa da ƙaramar sallah saboda dalilan tsaro, aka sake hanawa da babbar sallah. Ba Daushe, ba Nasarawa, ba Ɗorayi, ba Fanisau. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin da na samu a madadinsu shi ne wannan. Daren jajibere, tela a layinmu, idonsa ya yi jajir, mutum uku na zaune a benci kowa na jiran ɗinkinsa. Ranar sallah, yara a layin shiga gidan zoo. Washegari kuwa na shiga wani gidan gem a Kurna, na tarar da yara sun kai sha biyar a ɗan ɗaki, talabijin biyu, na'urar gem ta PS4 biyu, kowa cikin sabuwar shadda da hula, kuɗin barka da sallah a hannu, ana jiran layi. Wannan hoton na fi so a duk shekarar.

Na nuna wa babban yayana, ya ce kar in kuskura in sa shi a kundin da nake son wankewa. Wai wannan ba Kano ba ce, lalacewar yara ce nake neman adanawa. Tambayata: hoton gidan gem ya cancanci zama kusa da na karofin Ƙofar Mata da na Dala, ko yayana ne ke da gaskiya?

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam. Ni ina bayan yayanka, malam. Hoto shaida ce. Abin da ka wanke ka ajiye kamar ka ce wa na baya “ga abin da muke alfahari da shi” ne. Garin da ke da Gidan Rumfa, da Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa, da marina da ake cewa tun 1498 suke aiki a Ƙofar Mata, shi za ka wakilta da yara suna danne-danne a ɗaki mai duhu? Wannan hoton a Legas ma za ka same shi, a Alƙahira ma za ka same shi. Me ya mai da shi namu?

Maman Khairat:
Hular kansu da shaddar jikinsu, su suka mai da shi namu. Da kuma kuɗin barka da sallah. A Alƙahira za ka ga yaro da zanna bukar yana buga gem ɗin ƙwallo na PES?

Abu Hanan:
Hajiya, kaya kaya ne. Ina magana kan abin da suke yi.

Baba Mai Hoto:
Ɗana Ɗan Fagge, Allah ya yi maka albarka. Bari tsoho ya sa baki, domin wannan sana'a na ci abinci da ita sama da shekara talatin.

Na buɗe shagon hoto a Sabon Gari tun ana amfani da fim mai ɗaukar hoto 36. Lokacin ba ka danna abin banza, domin kowane danni kuɗi ne: kuɗin fim, kuɗin wanki, kuɗin takarda. Saboda haka me muke ɗauka? Biki, suna, fasfo, da hawan sallah. Zamanin marigayi Sarki Ado Bayero babu hawan da ban fita ba sai in ba na gari. Ina da nagatif ɗin 'yan lifida, da 'yan sulke, da 'yan bindiga cikin hayaƙi, da masu kakaki da algaita, da hakimai ɗaya bayan ɗaya, cike da akwati biyu. In kana son hoton laimar Sarki daga kowace kusurwa, zo in ba ka.

Amma ka tambaye ni hoton kududdufin da ke bayan gidanmu, inda muka koyi iyo, wanda yanzu an cike shi an gina shaguna. Ba ni da shi. Ka tambaye ni hoton layin shiga silima a Plaza ko Orion ko El Dorado da daddare, da masu gyaɗa da rake a bakin ƙofa. Ba ni da shi, domin a lokacin ana ganin ɗan silima ɗan iska ne, wa zai ɓata fim a kansa? Daidai abin da yayanka ke faɗa a kan gidan gem ke nan. Ka tambaye ni hoton 'yan acaɓa sun cika Bata da rana tsaka. A Janairu 2013 aka hana acaɓa a Kano bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki, cikin mako guda titi ya canza kama, kuma ni da nake wucewa ta cikinsu kullum da kyamara a wuya ban taɓa tsayawa na ɗauke su ba. Jikokina ba su san Kano da acaɓa ba, A Daidaita Sahu suka tashi suka gani. In na ba su labari sai dai su ɗauka a baki.

Hawa zai dawo in sha Allahu, kuma ranar da ya dawo mutum dubu za su ɗaga waya. Wannan ɗakin na Kurna kuwa, nan da shekara goma ba lallai ka same shi ba, kuma kai kaɗai ka shiga da niyyar ɗauka. Ka sa shi a kundin.

Ɗan Fagge:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi maganar acaɓar nan ta taɓa ni, domin ni ma ina sakandare lokacin, kuma ba ni da hoto ko ɗaya.

Abu Hanan:
Baba, na ji, kuma ba zan yi jayayya da kai a kan sana'arka ba. Amma a yi mini adalci. Akwai bambanci tsakanin ajiye abu don tarihi da ƙawata shi. Ina da ƙane da ya kusa rasa jarabawarsa ta fita sakandare saboda gidan gem, kullum sai an je an tsamo shi bayan isha'i. In an nuna hoton cikin kyan haske, yara suna dariya, wane saƙo aka aika?

Ummi 'Yar BUK:
Yaya Abu Hanan, Allah ya shirya mana ƙannenmu. Amma hoton bai ce “ku je gidan gem” ba, cewa ya yi “ga inda yaran Kurna suka yini washegarin sallah a 2025”. Kuma gaskiya ce. In ma kana son a yi maganin abin, ai sai an fara ganinsa. Ni abin da hoton ya sa na tambayi kaina shi ne: da an yi hawa ranar, da waɗannan yaran suna ɗakin nan? Ina jin da rabinsu suna kan katanga a hanyar Gwangwazo suna kallon dawakai.

Ɗan Fagge:
Ummi kin faɗi abin da mai gidan gem ɗin ya faɗa mini da bakinsa. Ya ce ranar Daushe da yamma yawanci shagonsa fayau yake, bana kuwa har ya ƙara hayar talabijin.

Sarkin Dara:
Ni dai ina son in tambayi masu cewa gem ba al'ada ba ce: dara fa? Ku zo gindin darbejiya a unguwarmu bayan la'asar ku ga dattawa, wasu da furfura har gemu, sun haƙa gurbi talatin a ƙasa, biyar sau shida, wannan da karare sha biyu wancan da tsakuwa sha biyu, ana neman jera uku a ci ɗan abokin karawa. 'Yan kallo sun fi 'yan wasa zafi. A zamaninsu su ma an yi musu faɗa, an ce dara aikin marasa aikin yi ne, har yanzu akwai malaman da ba sa son ta. Yau kuwa in Bature ya zo hotonta yake nema. Ɗan Fagge, ka ɗauki dara a cikin kwanakin nan 260?

Ɗan Fagge:
Na ɗauka sau uku, ranka ya daɗe. Ɗaya a Yakasai, biyu a Gwammaja. Na kuma ɗauki 'yan ludo a bakin kasuwar waya ta Farm Centre, da teburin sinuka a Brigade, da wasu samari huɗu a kan dakali kowa ya duƙufa a wayarsa suna Free Fire, ba mai kallon wani amma tare suke wasa. Langa ce na nema har na gaji ban samu ba. Sau ɗaya na ga yara suna yi a Ɗorayi, kafin in ciro waya sun watse.

Sarkin Dara:
To ka gani. Ka jera su shafi ɗaya: dara, ludo, sinuka, PS4, waya. Kakan, uban, ɗan, jikan. Kowa ya kalla zai fahimta ba sai ka rubuta komai ba.

Maman Khairat:
Ni damuwata daban ce, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Yaran nan na gidan gem, iyayensu sun san an ɗauke su? Ina tambaya ne domin abin ya taɓa faruwa da ni. Shekara biyu da suka wuce na kai 'ya'yana yawon sallah, wani ya ɗauki babbar 'yata tana shan askirim, lallenta a hannu, ya sa a Facebook. Hoton ya yi kyau, ban musa ba. Amma sai da ƙanwar mijina ta turo mini shi daga Kaduna na san da shi, ƙarƙashinsa maza suna ta rubuta abin da ba zan maimaita ba a kan yarinya 'yar shekara goma sha uku. Kwana uku ina roƙo kafin a cire. Don Allah masu ɗaukar hoto a titi, ku riƙa tunawa wanda kuka ɗauka ɗan wani ne.

Ɗan Fagge:
Subhanallahi. Allah ya ba ki haƙuri, Anti. Gaskiya zan faɗa: mai shagon na tambaya, ya yarda, yaran ma suka yi ta murna. Iyayensu ban tambaya ba. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne ta bayansu na ɗauke su, ƙeyoyinsu da huluna ake gani da hasken talabijin, fuska biyu ce kawai ta fito a gefe. Ban sa shi a intanet ba tukuna.

Maman Khairat:
To waɗannan biyun ka nemi gidansu. Kurna ba Makka ba ce, mai shagon ya san su.

Lens na Zoo Road:
A nan ne ni da Anti za mu ɗan saɓa. Ina ɗaukar hoto a titi shekara shida da Canon ɗina. Da zarar ka ce “malam zan ɗauke ka”, hoton ya mutu. Mai shayi zai ajiye butarsa ya gyara hula ya ƙame kamar soja. Abin da ka gani ya ja hankalinka, wato yadda yake ɗaga kofi sama yana zuba shayi, ya tafi. Ni ɗauka nake yi tukuna, sannan in je in yi sallama in nuna masa. In ya ce a goge, a gabansa nake gogewa. Cikin goma da ƙyar ɗaya ke cewa a goge, yawanci lambata suke karɓa in tura musu.

Amma ina da iyaka. Ba na ɗaukar mace ba da saninta ba. Ba na ɗaukar mabaraci ko mara lafiya. Almajirai kuwa na daina gaba ɗaya sai in malaminsu ya sani, domin na gaji da ganin hoton yaro da roba a hannu ana yawo da shi kamar shi ke nan labarin Arewa. Kuma shingen jami'an tsaro da barikoki, ko kallonsu ba na yi da kyamara.

Baba Mai Hoto:
Ɗana na Zoo Road, akwai hanya ta uku, ita muke bi a da. Ka zauna. Ka sayi shayin, ka sha, ku yi hira, ka gaya masa abin da ya kawo ka. Zai ƙame na minti biyar, sai mai saye ya zo, ya manta da kai. A nan za ka ɗauka. Ka samu izini, ka samu hoton. Abin da take ci shi ne lokaci, kuma wanda ya ce zai yi shekara yana wannan aiki ai yana da lokaci.

A karofi ma haka ne. Marinan Ƙofar Mata sun saba da baƙi masu zuwa su danna su wuce, shi ya sa wasu ke neman a ba su wani abu, kuma suna da gaskiya. Amma in ka zauna ka tambayi yadda ake haɗa baba da toka, ka bi su wajen mabuga ka ji yadda ake bugun shadda, da kansu za su ce maka “zo ka ɗauki wannan”.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Kano, daga Zinder nake bin zancen. Mu nan fadar Sarkin Damagaram tana hawa da salla, kuma kowa yana ɗauka da salula. Amma maganar Baba gaskiya ce. Na duba salulata yanzu, hoton doki ya fi ɗari, hoton 'yan kabu-kabu a bakin kasuwar Dole babu ko ɗaya, na lungunan Birni da gidajen ƙasa masu zane guda biyu ne kawai, alhali kowace damina sai wani ya faɗi. Ina so in fara irin naka. Abin da ke ba ni tsoro ajiya ce, ga matsalar kuran, wato wutar lantarki, ga salula tana cika.

Lens na Zoo Road:
Ɗan uwa na Damagaram, ajiya ita ce rabin aikin. Google Photos na ba ka 15GB kyauta, amma da Gmail ɗinka suke raba wurin. Hoto ɗaya a rana ba zai cika shi ba ko a shekara biyu, bidiyo ne ke cinye wuri. Kar ka dogara da WhatsApp, matse hoto yake yi ya rage masa inganci, sai dai in ka tura shi a matsayin fayil. Duk ƙarshen wata ka kwafe a kwamfuta ko filasha. Kuma ka sa wa kowane hoto suna da kwanan wata da wuri, kamar 2025-09-12 Dala. In ba haka ba nan da shekara uku kai kanka ba za ka tuna ina ne ba.

Haske kuwa, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Rana tsaka tana ƙona farar riga ta baƙanta fuska. Lokacin hazo kar ka ajiye waya, shi ne lokacin da ya fi kyau, komai ya yi laushi. Ka dai riƙa goge gilashin kyamarar da gefen riga kafin ka danna.

Baba Mai Hoto:
Ku wanke. Duk abin da ya faɗa daidai ne, amma ku wanke ko guda goma a wata. Nagatif ɗina na 1985 suna nan. Wayar da na saya a 2015 ta mutu da duk abin da ke cikinta.

Ummi 'Yar BUK:
Ɗan Fagge, 12 ga Satumba da ya ambata ai ranar Takutaha ce ko, bikin da ake yi mako guda bayan Maulidi? Ka hau Dala?

Ɗan Fagge:
Na hau. Ban ɗauki cunkoson ba, kowa na ɗaukarsa. A gindin dutsen na ga wata tsohuwa mai sayar da alewa da gullisuwa, jikarta na ƙirga mata canji. Na yi yadda Baba ya ce tun kafin in ji daga bakinsa: na saya, na zauna, na tambaya. Ta ce in ɗauki tiren da hannuwansu, ban da fuska. Haka na yi. Hannu biyu ne a hoton, ɗaya duk tamoji ɗaya da sabon lalle, da 'yan naira hamsin-hamsin a tsakani.

Abu Hanan:
Wannan kam ya yi. Irin wannan nake nufi da Kano.

A kan gidan gem har yanzu raina bai kwanta ba, ba zan ɓoye ba. Amma in za ka sa shi, ka bi shawarar Sarkin Dara, ka haɗa shi da na dattawan, kuma ka rubuta a ƙasa cewa ranar Hawan Daushe ce da ba a yi ba. In an rubuta haka, ni ma zan iya nuna wa ƙanena.

Ɗan Fagge:
Na karɓa, malam. Haka zan rubuta: 31 ga Maris 2025, Kurna, ranar Daushe, ba a yi hawa ba. Gobe in sha Allahu zan koma wurin mai shagon in nemi gidan yaran nan biyu kamar yadda Anti ta ce. In iyayen suka ƙi, zan yanke gefen hoton.

Baba, wata alfarma nake nema. Akwatunan nan biyu, za ka bari in zo in gani? Akwai mai na'urar da ke mai da nagatif ya koma hoton kwamfuta, zan ɗauki nauyin ko guda ɗari ne mu fara.

Baba Mai Hoto:
Ka zo ranar Asabar bayan azahar, zan turo maka kwatance ta akwatin saƙo. Ka taho da hoton telan nan, ina son in gan shi a babban allo. Kuma ka zo da abin rufe hanci, akwatunan sun fi shekara goma ba a buɗe su ba.

Ɗan Damagaram:
Ni na fara yau. Hoto na 1: mai gyaran salula a bakin tasha, ya yarda, har ya ce in kawo masa in an wanke.